Rumbun Jama'a da Masu Riƙe da Mabuɗinsa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyar da bayinsa, wanda ke fitar da zangarniya cikakkiya daga ƙwaya guda. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kaka ta yi, damma sun shigo gida, tiyar hatsi ta sauko a kasuwa. Wannan shi ne lokacin da ƙananan garuruwanmu ke cika rumbun jama'a, wanda ake kira bankin hatsi ko bankin cimaka, kuma shi ne lokacin da ake sabunta kwamitin da ke kula da shi. Saboda haka muka ga ya wajaba mu yi magana a kansa yanzu da ciki yake ƙoshe, domin maganar da aka yi cikin yunwa ba ta cika zama nasiha ba, rigima take komawa.

Duk wanda ya bi ƙauyukan jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa ya ga abin da muke nufi. Ga mangaza an gina ta da siminti, ga ƙofar ƙarfe, ga allo an rubuta sunan ƙungiyar da ta kawo taimako, amma in an leƙa ciki sai tarkacen buhunna da kashin ɓera. In ka tambayi mutanen gari ina hatsin, sai kowa ya dubi ƙasa. Ba gobara aka yi ba, ba ɓarawo ya fasa bango ba. Hatsin ta ƙofa ya fita, da rana tsaka, buhu-buhu, kuma kowa ya san gidajen da ya shiga.

Wannan cuta tana da asali. Kakanninmu sun san rumbun tsimi tun fil azal, maigida yakan ajiye hatsin shekara biyu ko uku ba ya taɓawa sai wuya ta yi wuya. Amma bayan yunwar 1931 Turawan mulkin mallaka sun tilasta wa talakawa zuba hatsi cikin rumbunan ajiya na dole, waɗanda mabuɗinsu ba a hannun mai hatsi yake ba. Tun daga nan mutane suka fara ɗaukar rumbun taro a matsayin wani nau'in haraji. Da aka samu ƴancin kai aka zo da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma a ƙarƙashin UNCC a 1962, aka kafa OPVN a 1970, aka farfaɗo da samariya a zamanin Janar Seyni Kountché. Ba mu ce ba su yi amfani ba, samariya ta gina azuzuwan lakwal da yawa da hannunta. Sai dai duka daga sama suka sauko, shi ya sa bakin talaka ya saba da cewa kayan gwamnati ne. Bayan farin 1984, wanda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari, da kuma matsin 2005, lokacin da buhun hatsi ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni, bankunan hatsi suka yawaita, sai sunan ya sauya daga kayan gwamnati ya koma kayan furoje. Ma'anar dai ɗaya ce: abin da ba shi da mai shi, wanda ya riga ya kai hannu shi ya more.

To, a shari'a babu dukiyar da ba ta da mai ita a cikin garin Musulmi. Ranar da aka sauke buhunnan nan aka ce na gari ne, ranar suka zama mallakar kowane gida, da na mai hali da na gwauruwar da ke daka wa mutane don ta samu dusa. Wanda ya ci dukiyar mutum guda, mutum guda zai nema ya roƙi gafara. Wanda ya ci dukiyar gari fa, wa zai nema? Wasu sun rasu, wasu sun tafi biɗa Libiya ko Aljeriya ko Abijan, wasu jarirai ne a goye lokacin da aka ci haƙƙinsu. Wannan ne ya sa malamai suka tsananta a kan dukiyar jama'a. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa wani hadimin Manzon Allah (S.A.W.) kibiya ta same shi ya rasu, mutane suka riƙa yi masa murnar Aljanna, sai Annabi ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganimar Haibara kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi guda, ga mutumin da ke hidima ga Annabi. Mai buhu biyar a wuyansa sai ya yi wa kansa lissafi.

Shi kuwa tanadin kansa, asalinsa yana cikin Alƙur'ani. A cikin Suratu Yusuf, da aka kawo wa Annabi Yusufu (A.S.) mafarkin sarkin Masar, ya shawarce su da su yi noma shekara bakwai a jere, su bar abin da suka girbe cikin zangarniyarsa sai ɗan abin da za su ci. Manomin ƙasarmu ba ya bukatar a yi masa tafsirin wannan, ya san damin da ke rumbu ba a sussuke ba yana shekaru lafiya lau, amma tsabar da ke cikin buhu ƙwari ba sa barin ta. Haka kuma Abu Musa ya ruwaito cewa mutanen ƙabilarsa, Ash'ariyyawa, in abinci ya yi musu ƙaranci sai su tattara abin da ke gare su cikin tufa guda, su raba daidai da mudu guda, kuma Annabi ya yabe su har ya danganta su ga kansa. Don haka wanda ke cewa bankin hatsi baƙon abu ne na Nasara bai duba da kyau ba. Namu ne, mu muka yar da shi, wasu suka tsinto suka maido mana.

Abin lura a ƙissar Annabi Yusufu shi ne, da ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, da siffa biyu ya siffanta kansa: tsarewa da sani. A Suratul Ƙasas kuma ɗiyar dattijon Madyana da siffa biyu ta yabi Annabi Musa (A.S.): ƙarfi da amana. Yanzu mu dubi yadda muke zaɓen kwamiti. Ana taruwa ƙofar maigari, a ce shugaba sai ɗan gidan sarauta don kada a ɓata wa fada rai, ma'aji sai Alhaji wane tunda shi ya saba da kuɗi, magatakarda kuwa a ɗauko wani yaro da ya yi aji shida a lakwal, wanda ba zai iya ɗaga ido ya dubi ɗayansu ba. Cikin rabin sa'a an gama, an shafa Fatiha. Babu wanda ya tambaya ko shugaban yana zama gari da rani, ko Alhajin shi kansa fataucin hatsi yake, wato an ba kura ajiyar nama. A wasu garuruwan jam'iyya ake dubawa. A wasu kuma, abin takaici, masallacin da mutum ke salla ake dubawa, waɗannan su ce ba za su bi ɗan ɗariƙa ba, waɗancan su ce ba za su miƙa mabuɗi ga ɗan Izala ba, sai ka ce yunwa tana tambayar mutum ko ƙabalu yake yi ko sadalu kafin ta shiga gidansa.

Kada kuma a ɗauka yawan ibada kaɗai ya isa. Abu Zarri (R.A.), wanda zuhudunsa da gaskiyarsa ba su ɓoyu ga kowa ba, ya nemi Annabi ya ba shi wani muƙami, Annabi ya hana shi, ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, abin kuwa amana ne. Muslim ya ruwaito. Akwai mutanen kirki a garuruwanmu waɗanda ba za su taɓa ƙwaya guda ba, amma ba za su iya ce wa surukinsu a'a ba. Irin wannan bawan Allah in an ba shi mabuɗi an cuce shi, an cuci gari.

Domin ta nan ne hatsin ke zurarewa. Ba a cewa a ba ni, cewa ake a ara mini. Babban mutum ya aiko da dare, baƙi sun sauka, buhu biyu kawai zuwa kasuwa mai zuwa. Wani zai aurar da ɗiya. Wani an yi masa rasuwa, za a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Mai mabuɗi ya ji kunya, ya buɗe, bai rubuta ba, don rubuta sunan babba cikin kaye kamar zagi ne. Mu yi misali da lissafi. Buhu tiya 40 ne. In mutum 10 suka ari buhu bibbiyu, tiya 800 ke nan ta fita. Gidan da ke cin tiya 2 a yini, wannan hatsin zai riƙe gida 40 irinsa har kwana 10, a tsakiyar damana, lokacin da kwana 10 ke raba mai noma gonarsa da mai barin ta ya tafi ƙwadago gonar wani. Kunyar da aka ji ta dare guda, ga abin da ta ci.

Allah kuwa ya ɗauke mana wannan kunyar tun da daɗewa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ba a kan salla ta sauka ba, ba a kan azumi ba, a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu, da hana ƙosawa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara faɗa wa haka, mutanen da suka fi mu gaskiya nesa ba kusa ba. Saboda haka in magatakarda ya buɗe kaye ya ce Alhaji sa hannu, umurnin Ubangijinsa yake bi, kuma wanda ya ji haushi ya san da wa yake jayayya. In babu mai boko a rubuta da ajami, almajirai sun cika gari.

Haka nan ɗan abin da ake ba ƴan kwamiti a gefe. Ɗan kasuwar da aka sayi buhunna wajensa ya ce ga na goro, mai amalanke ya ce ga naka. Manzon Allah ya aiki wani mutum ana ce masa Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi huɗuba a kai, ya nuna cewa da mutumin ya zauna gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta iske shi can. In aikin kwamiti yana cin lokaci, kuma lalle yana ci, to a yanka wa mai awo da mai gadi ladansu a fili, gaban jama'a, kowa ya ji. Wannan halal ne. Na ɓoye shi ne abin gudu.

Sai mas'alar da aka fi yawan tambayarmu, wato ta riba. A wurare da dama ƙa'idar banki ita ce ka ɗauki tiya 10 da damana ka maido 12 da kaka, a ce biyun na raya banki ne. Ya ku ƴan'uwa, wannan riba ce, babu saɓani a kai. Rancen da aka sharɗanta ƙari a cikinsa haramun ne ko mai ba da shi mutum guda ne ko gari ne baki ɗaya, kyakkyawar niyya ba ta halatta shi. Har ma ƙarin da mai biya ya yi don kansa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo a cikin Risala cewa Ashhabu ya halatta shi in babu sharaɗi ko alkawari ko al'ada, Ibnul Ƙasim kuwa bai yarda da shi ba. To ina ga wanda aka rubuta a ƙa'ida?

Amma ƙofofin halal a buɗe suke, kuma sun fi ƙarko. Banki ya sayi hatsi da kaka yana araha, ya sayar da damana kuɗi hannu, a farashin da ya ɗara na saye ya kasa na kasuwa. Wannan ciniki ne, ribarsa tsarkakakkiya ce, da ita za a biya buhu da magani da gadi da abin da awo ya ci. Kuma ba ɓoyon abinci ba ne irin wanda hadisi ya hana, domin mai ɓoyo jira yake tsada ta yi ya matse mutane, banki kuwa karya tsadar yake. Wanda ba shi da kuɗi a hannu ana iya sayar masa bashi, da farashi sananne da ajali sananne. Sai dai a kula da wani abu da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa: wanda ya sayar da abinci bashi ba ya karɓar abinci a madadin kuɗin in ajali ya yi, don kada a koma ga musayar abinci da abinci da jinkiri ta bayan gida. Kuɗi aka yi, kuɗi za a karɓa. In kuwa rance ake so, tiya 10 ta dawo tiya 10, da tiyar da aka auna da ita, ba a ba da da ƙarama a karɓa da babba ba. Suratul Muɗaffifina ta isa gargaɗi a kan wannan. Abin da ajiya ta rage kuma sai a cike shi da gudummawar shekara wadda kowane gida zai bayar, wanda ya ranta da wanda bai ranta ba.

Wanda ya ci bashin kuma ya sani, jinkirin mai hali zalunci ne kamar yadda ya tabbata a hadisi. Mutum ya sayar da wake da suɗi ya sayi babur, ya ƙara aure, bashin banki na nan shekara uku, in an yi magana ya ce ai wane ma bai biya ba. Wane ba zai kwanta kabarinka ba.

A nan ya kamata maza su sunkuyar da kai su koyi wani abu wurin mata. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa. Muna da magana a kan ƙarin da wasunsu ke ɗorawa kan rance, hukuncinsa shi ne wanda muka faɗa a sama, kuma muna kiran su da su mai da shi ciniki ko tarayya. Amma dubi yadda suke tsare amana. Akwati guda, kwado uku, mabuɗai a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗewa sai gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, kowace ta ji. Mafi yawansu ba su yi lakwal ba, ba su yi madarsa ba, amma sun gane abin da ayar bashi ke nufi fiye da wasu masu rawani. Garin da ya sa mata cikin kwamitin hatsi bai yi asara ba, su suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, domin namiji yakan ɓoye yunwarsa, maƙwabciya kuwa tana jin shirun turmi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ake kaucewa: su wane ne ƴan gari? In an zo rabo sai ka ji ana cewa wane baƙo ne, alhali shekararsa ashirin yana biyan haraji a nan, ƴaƴansa a nan aka yanke musu cibiya. Fulanin da ke mashekari bayan gari, da Buzayen da ke zango kusa da rijiya, ana tuna su ranar karɓar gudummawa, a manta da su ranar awo. Matar da mijinta ya tafi cin rani a ce sai maigida ya zo ya sa hannu. Tun 2019 kuma dubban ƴan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gudun ƴan bindiga suka sauka a ƙasar Gidan Rumji da kewaye, mutanen ƙauyuka suka raba ɗaki da ƙwarya da su tun kafin wata hukuma ta iso, Allah Ya saka musu. Wannan shi ne halin Ansaru. Haƙƙin maƙwabci a Musulunci bai tsaya kan wanda kakansa ya sari dajin ba. Kuma kada mu manta abin da ya faru a Toda a watan Oktoba na 1991, inda aka kashe fiye da mutum 100, mafi yawansu mata da yara na makiyaya. Irin wannan ba ya faɗowa daga sama rana guda. Yana farawa ne daga ranar da aka saba cewa su da mu a bakin rijiya da ƙofar mangaza. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, da mutane suka tashi tsare itatuwan gonakinsu, sun sa mata da makiyaya cikin kwamitin tsaro, kuma itatuwan suka tsaya.

Zakka kuwa a ware ta daban. Wanda ya samu nisabi, wato wasaƙi 5, sa'i 300, ushirin abin da ruwan sama ya shayar yana kansa, kuma Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na masu cin ta. Ba a zuba ta cikin jarin banki a sayar wa mai kuɗi da maras kuɗi. In gari ya so a tattara ta wuri guda a ajiye wa miskinai, to buhunta daban, kayenta daban, kuma kyauta ake ba da ita.

Limamai da ladanai, shawararmu gare su ita ce kada su karɓi mabuɗi ko akwati. Liman shaida ne kuma mai sulhu, ranar da rigima ta tashi ana bukatar wanda hannunsa bai taɓa buhu ba.

Ku kuma sauran jama'a, da ku muke. An yi shela an ce taro, mutum goma sha suka zo, sauran suna gindin bedi suna shan shayi, sai watan bakwai ya kama a ji muryarsu ta fi ta kowa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun gundumomi da aka zaɓa, aka naɗa masu riƙo, saboda haka kwamitin hatsi da na famfo da na lakwal suna cikin ƴan wuraren da talaka ke zaɓen mai yi masa hidima da bakinsa, ido da ido. Allah Ya yabi muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, har sura guda ta ɗauki sunan Shura. Shawara kuwa ba ta yiwuwa da wanda bai zo ba.

Abin da muke roƙo ga kowane gari da wannan takarda ta isa shi ne, kafin a sayi buhu guda na bana, a tara jama'a bayan sallar Juma'a a filin da ke wajen masallaci, tunda ba a ciniki a cikinsa. A buɗe mangaza, a ƙirga abin da ke ciki gaban kowa. A karanta kaye da ƙarfi, da sunan mai bashi da adadinsa, a fara da manya. Wanda yake cikin ƙunci na gaskiya a yi masa jinkiri zuwa sauƙi, kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umurni, in jama'a ta yarda ma a yafe masa. Wanda yake da hali a sa masa rana. Wanda kuma ya san akwai wani abu a wuyansa da ba a rubuta ba, ƙofar mangaza ba ta da ido: ya ɗora wa jaki da dare ya maido, kamar yadda ya ɗauka, babu mai tambayarsa.

Ya Allah Ka sanya albarka cikin abin da muka girbe, Ka tsare rumbunanmu daga wuta da ƙwari da hannun maha'inci. Ka ba masu riƙe da mabuɗanmu ƙarfin cewa a'a, Ka biya wa mabartanmu bashinsu, Ka maido matafiyanmu gida lafiya, Ka zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta cikin aminci. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.